Humrar Gidanmu a Kwalbar Kamfani

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, har da mazan da suke leƙowa a ɓoye, na san kuna nan. Mako biyu ban rubuta komai ba, wasu har sun biyo ni ta waya suna tambaya ko ciwo nake. Jikina ƙalau. Kunya ce ta riƙe mini hannu, don a labarin yau ni ce mai laifi, kuma ban zo wanke kaina ba. Wadda take son zagina ta bari ta kai ƙarshe tukuna, wataƙila ta tarar na riga ta.

Saboda sababbi, sunana Kubra, shekarata ashirin da takwas, gidanmu yana unguwar Alsawra a Umdurman, nan Sudan. Mu jikokin mutanen nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Babana Malam Isma'il yana karantar da manya a masallacin unguwa. Mamana Nana Khadija ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, ta bar ni da ƙanwata Shahd. Yayar Mama, Inna Indo, gidanta yana jikin namu. Tun ranar sadakar uku ta sa aka fasa katanga aka yi ƙofa, daga nan ba mu ƙara sanin inda nata gidan ya ƙare namu ya fara ba. Ita ta riƙe mu. Akwai ta da faɗa kamar ta ari baki, amma ba ta taɓa kai loma ba sai ta ga mun ci.

A Sudan babu macen da ba ta da humra, ko da ta kasuwa ce. Amma ta gidanmu daban take. Kakar Mama ce ta zo da ita daga Haɗeja, ba a cikin kaya ba, a cikin kanta. Ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a rubuta ta. Amarya 'yar gidan kaɗai ake haɗa wa, don ta shiga ɗakin mijinta da ƙamshin da babu wata mace a gari mai irinsa. Mace ɗaya ake koya wa, ita ma ta koya wa ɗaya. Mama ta koya mini ina da shekara goma sha bakwai, tana kwance a gadon igiya ciwo ya cinye ta, tana faɗa ina maimaitawa, in na yi kuskure ta ja mini kunne da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Akwai kajiji a ciki, akwai farce da sandal, wannan kowa ya sani. Sauran kada wadda ta tambaye ni. Tun rasuwarta ba a ƙara haɗawa ba, don 'ya'yan Inna duk maza ne, ni kuma, in ji Inna, na ƙi auruwa. Bikin Shahd da za a yi ƙarshen watan nan shi ne karo na farko da ƙamshin Mama zai dawo gidanmu, kuma Inna ta fi shekara tana tara kayan haɗin a ƙarƙashin gadonta.

Ni a jami'a haɗa sinadarai na karanta, ina aiki a wani kamfanin turare a unguwar masana'antu ta Khartum. Kullum ƙaramar bas biyu nake hawa, irin wadda muke ce wa hafala, in Allah ya sa gada a buɗe take. Mai kamfanin Ustaza Amani ce, da turaren wuta ta fara a faranti cikin kasuwar Umdurman, yanzu mu sittin ne a ƙarƙashinta. Shekara uku da suka wuce kasuwa ta fara juya mata baya, don duk abin da muka fitar ƙanin na bara ne. Sai ta ɗauko Badaru don ya farfaɗo da kamfanin.

Tsofaffin masu karatu kun san shi, na ishe ku da zancensa. Ɗan unguwar Aljirif ne, babansa yana gasa jan bulo a bakin kogi. Dogo, siriri, ga tabarau da kullum yake zamewa, in zai yi magana sai ka ƙosa kafin ya fara. Da ya zo wata guda bai ce a canza komai ba, zama kawai yake yana kallonmu. Sannan ya faɗa wa Ustaza cewa ma'aikatanta ba kai suka rasa ba, tsoro biyu ne ya ɗaure su: tsoron a yi musu dariya in abu ya lalace, da tsoron hassada in abu ya yi kyau. Ya ce ta ba shi ranar Alhamis, ta ba shi.

Ranar Alhamis ba shugaba a kamfaninmu. Daga Ustaza har direba da mai shara, kowa ya sa farar riga iri ɗaya ya shiga ɗakin haɗi, wanda aka yanka gida-gida da labule. Ka ɗebi abin da kake so komai tsadarsa, ka haɗa abin da ranka ya ba ka. In ka gama ka zuba a kwalba mai lamba, ka buga yadda ka haɗa a na'ura, ka jefa katin da ta fitar a akwati. Suna ba ya hawa ko'ina. Kwalaben sai a jera su a kanta kusa da wurin alwala, inda ba mai gadi. Wadda aka fara sacewa ita ta ci. Eh, sata na ce. Ustaza ta yafe ta duniya da lahira. Badaru ya ce in ka tambayi mutum ra'ayinsa kunya za ta sa ya yi maka ƙarya, amma mace ba ta jefa kwalba a jaka tana waige-waige sai hancinta ya fi ƙarfinta.

Kwalbar da ta yi mako ba wanda ya taɓa, ita ake nemo mai ita. Ya miƙe a gaban kowa ya faɗi abin da ya so yi da inda ya kwafsa, a yi masa tafi, a ba shi farantin basbusa, wani kek mai zaƙi, ya raba. Wadda ta ci kuwa ba a tambayar mai ita har abada. Ana miƙa katin ga wani hannun ya gyara shi ya dace da kasuwa, shi ke nan ya zama na kowa. Wanda duk ya buɗe baki ya ce nawa ne, ya bar aiki. Ba wasa ba ne. Bara Hamuda, abokin Badaru tun firamare, ya yi alfahari a wurin mai shayi cewa sabulun da ake rububi nasa ne, Badaru da hannunsa ya rubuta masa takardar sallama, ya yi kwana uku ba ya cin abinci.

Ku yi dariya, ni ma na yi da farko. Amma abin ya yi aiki. Mutanen da ba su taɓa ɗaga murya a taro ba suka fara kawo abubuwan mamaki. Turaren wutarmu da ya fi tafiya yanzu ana raɗe-raɗin mai shara ce ta haɗa, wasu su ce direba, ba wanda ya sani.

Ni fa? Shekara biyu kwalabena ba a sace su, ba su kuma kai lalacewar da za a yi mini tafi. A ɗan shafa a mayar. Ni mai digiri, ni da malamai suke yabo. Abin yana cina ban faɗa wa kowa ba, har Badaru, wanda a lokacin ya fara rako ni gida. Mutumin da gidansa yake gabas, sai ya hau hafala ya haye da ni Umdurman, ya sauke ni a bakin layinmu, sannan ya juya ya yi tafiyar awa biyu. Ran da bai samu damar rako ni ba saƙonsa ɗaya ne: "Kin haye gada?" Inna tana sonsa don yana durƙusawa ya gaishe ta da Hausa, ba irin samarin yanzu da Larabci ya cinye musu harshe ba. Kullum sai ta ce mini ƙanwata ta riga ni, in na bar wannan ya kuɓuce ita ba ruwanta. An tsayar cewa kawunnansa za su zo neman aurena Juma'ar da ke bin dakan turaren Shahd.

Wata huɗu da suka wuce, a taron Alhamis, Badaru ya yi wata magana. Ya ce wanda kwalbarsa ba a sata kuma ba ta lalacewa, abin da ya iya yake kawowa, bai taɓa kawo abin da yake tsoron rasawa ba. Ba ni yake kallo ba, bai ma san lambobina ba. Amma maganar ta shige ni ta zauna. Kuma makon ne Mama ta cika shekara goma sha ɗaya.

Ba zan ce muku kuskuren minti ɗaya ba ne. Alhamis uku na yi ina haɗa ta, don ana turara ƙullin ne a bar shi ya huta. Sau uku ina da damar fasawa. Na ce wa kaina gwaji nake kafin bikin Shahd, kada hannuna ya manta. Ranar da ta nuna na buɗe murfin a bayan labule, sai ga Mama. Wallahi har na juya ina neman inda take. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi. Da na tashi, maimakon in zubar, sai wata zuciya ta ce mini bari dai su ji, bari sau ɗaya su san abin da yake hannuna. Na zuba a kwalba mai lamba arba'in da uku. Na zauna gaban na'ura na buga abin da mata huɗu suka riƙe a ka ba su taɓa rubutawa ba, ban rage ko gishirinsa ba.

Kafin a tashi cin ful, dafaffen waken da muke ci da hantsi, an sace ta. Ba a taɓa sace kwalba da wuri haka ba. Mata suna ta shewa, Badaru yana murmushi yana gyara tabarau, ni ina tsaye a cikinsu ina tafi. Kuma na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Daga nan na yi shiru fiye da wata uku. Na ce ai da yawa suna mutuwa a hannu na biyu. Ba ta mutu ba. Suka taƙaita turarawar, suka sa na'ura inda ake sa haƙuri, suka raɗa mata wani suna na Larabci da ba zan faɗa ba kada in yi musu talla. Ina wucewa ina jin ƙamshinta a baranda, ina cewa gobe zan yi magana. In na tuna Hamuda sai in haɗiye.

Asabar da ta wuce aka yi dakan turaren Shahd. Tun safe tsakar gidanmu ta cika da mata, kowa da laffayarta, wadda a nan muke ce wa tob, ja da ruwan goro da shuɗi mai ɗigon zinariya. Turmi huɗu aka jera ƙarƙashin dalbejiya, ana daka sandal da kanumfari ana waƙa, hayaƙi ya turnuƙe har gidan maƙwabta. Shahd tana zaune a kan jar tabarma, lalle har gwiwar hannu, an lulluɓe ta tana leƙe. Inna ta sa laffayarta ruwan zuma da ba ta fito da ita sai ranar girma, tana ta kai-kawo tana faɗa tana dariya. An shirya cewa bayan la'asar za a rufe ni a ɗakin Mama ni kaɗai da kayan haɗi, Inna ta zauna a bakin ƙofa tana gadi, kamar yadda ta yi wa Mama a da.

Ana idar da la'asar aka ce Badaru yana sallama. Ya zo da farar jallabiya da hula, ya kawo buhun sukari da itacen sandal gudummawa. Inna ta sa aka shigo da shi har bakin tsakar gida don mata su ga surukinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ciro wani ɗan akwati mai ruwan zinariya daga aljihu. Tun daga nesa na gane shi. Ya ce sabon turarensu ne da bai shiga kasuwa ba, kwalba ta farko ce, ya ce ba wadda ta dace da ita sai Inna.

Inna ta buɗe tana dariya, ta ɗiga a bayan hannu ta kai hanci. Dariyar ta tsaya. Ta sake shinshinawa, ta rufe ido. Matan da ke kusa suka bar daka ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, wa ya haɗa wannan?"

Shi kuwa bawan Allah, da fara'arsa, da alfaharin tsarinsa, ya ce, "Inna, a wurinmu abin da ya yi kyau ba shi da mai shi. Na kowa ne."

"Yana da mai shi," in ji Inna. "Shekararta goma sha ɗaya a maƙabarta. Ƙamshin Khadija ne wannan, an tsinka shi da ruwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Inna da take tara unguwa a kan cokali ɗaya in ya ɓata, ranar a hankali ta yi magana. Ta juyo ta dube ni a cikin mata sama da arba'in, ba ta tambaye ni komai ba, don mutum ɗaya ne a duniya ya san haɗin. Ta mayar da murfin, ta miƙa wa Badaru kwalbarsa da hannu biyu, ta yi masa godiya. Sannan ta shiga ta kwaso kayan da ta shekara tana tarawa daga ɗakin Mama, ta mayar gidanta, ta ce wa mata a ci gaba da daka, humrar kowa da kowa za a yi wa amarya. Wata tsohuwa ta fara ba ta haƙuri, Inna ta ce 'yar Khadija ba za ta shiga ɗakin miji da abin da ake sayarwa a kanti ana ce mata na gado ne ba. In ya tsaya a gida na gida ne, in ya fita ya fita.

Shahd ta kifa kai a gwiwa tana kuka, lallen ya ɓata mata laffaya. Shekararta tara Mama ta rasu. Tun tana ƙarama nake mata alkawarin ranar aurenta za ta ji yadda Mama take ƙamshi. Baba da aka faɗa masa bai yi faɗa ba. Ya ce mini amana ce aka ba ni, ya ɗauki buta ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi na tare Badaru a wurin mai shayi da ke bakin kamfani. Idonsa ya faɗa, da gani shi ma bai huta ba. Ya tambaye ni me ya hana ni faɗa masa tun farko, na ce dokarsa ce ta hana ni. Na ce masa ba suna nake nema ba, ba lada ba, a ciro katin kawai a fasa fitar da ita. In ba ta shiga kasuwa ba Inna za ta sauko, har yanzu da sauran kwana kafin biki. Ya ce an riga an cika kwalabe, mako mai zuwa za a fara lodi. Ya ce in ya tsayar da ita dole ya faɗi dalili, in ya faɗi dalili sunana ya fito, in sunana ya fito dole in tafi kamar yadda Hamuda ya tafi. In kuma ya rufa mini asiri, kowa zai ce doka tana karyewa ne a kan wadda yake so, daga ranar ba wanda zai ƙara yarda da akwatin nan. Na ce to in tafi ɗin, aiki ba uwata ba ne. Ya cire tabarau ya goge, ya ce in ba shi lokaci.

Na ba shi. Litinin ya rubuto, "Ina tunani, ki yi haƙuri." Talata, "Kin ci abinci?" Laraba ba komai sai "Kin haye gada?" A gida Inna ba ta ce mini ko ci kanki ba. Tana aiko mini da abinci ta hannun Shahd, Shahd ta ajiye ta juya. Ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, wadda ko ƙyaure ba ta da shi, Inna ta rataya mata labule.

Yau Alhamis. Ina cikin hafala a kan gada saƙonsa ya shigo: "Don Allah kada ki ce komai a taro yau. Mu haɗu bayan aiki, akwai maganar da zan faɗa miki." Na karanta na kife wayar. Na ce a raina lokacin da zai ba ni ke nan har a yi lodi. Na riga na yanke shawara tun asuba, har na sa farar laffayar Mama a ƙarƙashin rigar aiki don in samu ƙarfin gwiwa.

Aka taru kamar kullum. Direbanmu ya miƙe ya karɓi kwalbarsa da ta yi wari kamar jiƙaƙƙen buhu, aka yi ta dariya ana tafi. Ana cikin raba basbusa na miƙe. Badaru ya girgiza mini kai daga inda yake, na ɗauke ido.

"Kwalba ta arba'in da uku ni na haɗa," na ce. "Kuma ba tawa ba ce, ta uwata ce, amana aka ba ni na kawo nan don a yaba mini. Na san doka, zan tafi. Roƙona ɗaya, a mayar mini da ita."

Wata a baya ta fara tafi don sabo, ta ji ita kaɗai ce ta daina. Ustaza Amani ta taso ta kama hannuna ta ja ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta zuba mini ruwa da kanta. Ta sa na ba ta labarin tun daga kakar Mama. Tana ji tana share ido da gefen laffaya, ta ce ita ma uwarta tana da nata haɗin da har yau ba ta kawo kamfani ba. Ta ce da na zo mata ko ranar Litinin ce, da ta yaga katin a gabana, asarar kwalabe ba ta fi uwa ba.

Na ce ai har yanzu da lokaci, sai mako mai zuwa za a yi lodi.

Ta dube ni da mamaki. "Ba ki sani ba? Jiya da safe motoci suka tashi. Madani, Kasala, Bur Sudan. Na cikin gari tun jiya da rana suna kantuna."

Na ce wa ya ce a matso da shi. Ta jawo takardar lodi ta ajiye a gabana. Na san sa hannun. Na sha ganinsa a ƙasan 'yan wasiƙun da yake saka mini a aljihun rigar aiki.

Ban san yadda na fito ba. Na ninke farar rigar na ajiye a kan teburin mai gadi. Badaru ya biyo ni har bakin titi yana kiran sunana, na tare raksha, keke mai ƙafa uku, na shige. A kan gada saƙonsa ya shigo, dogo, irin wanda bai taɓa rubutawa ba. Ga shi yadda yake, ban canza komai ba:

"Na matso da lodin ne don in ta riga ta fita ba ki da dalilin miƙewa, aikinki ya tsira. Na yi niyyar faɗa miki yau da yamma. Ba zan yi miki ƙarya ba, har da tsarin a raina, shekara uku na gina shi kuma mutum sittin suna cin abinci da shi. Na ɗauka turare ne za a iya haɗa wani. Sai da kika miƙe na gane abin da na sa wa hannu. Ki yafe mini."

Na isa gida rana ta yi sanyi. Inna tana tsakar gidanmu tana kakkaɓe manyan tabarmi na baƙin gobe, don duk fushinta ba ta fasa shirin ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, cewa na yi magana, na bar aikin, kuma ban samo ta ba, tana kantuna tun jiya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Inna ta saki tabarmar. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce, "Allah ya jiƙan Khadija." Sai ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da aka fita da Mama, don ranar ita take rarrashinmu. Shahd ta fito da gudu ta rungume ta. Maƙwabta suka fara shigowa da mayafai a hannu suna salati, suna tambaya wa ya rasu.

Ana cikin haka Baba ya fito daga zaure da waya a kunne. Babban kawun Badaru ne, yana tambaya ƙarfe nawa za su iso gobe bayan an sauko Juma'a, su shida ne, sun riga sun sayi goro da dabino. Baba ya rufe wayar da tafin hannu, ya dubi Inna a ƙasa, ya dube ni.

"Kubra, me zan ce masa?"

Ni da na tsaya gaban mutum sittin da safe, sai na kau da kai ina kallon tabarmar da Inna ta saki. Baba ya jira, ya jira, sannan ya ce wa dattijon zai kira shi bayan sallar isha'i.

Yanzu aka kira magariba. Ina ɗakin Mama na rufe ƙofa ina rubuta muku wannan, ina jin Shahd tana lallashin Inna ta sha ruwa. Ni na fitar da humrar daga gida, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Amma kwana ɗaya tak ya rage in dawo da ita, shi ya ɗauke kwanan, kuma ya yi ne yana ganin taimakona yake. Ina son Badaru, wallahi ina sonsa, ban taɓa son wani ba. Kuma ban san yadda zan zuba wa hannun da ya sallami motocin nan ruwa ya wanke ya ci abincina ba. Baba ya dawo daga masallaci, ga takalminsa nan ina gani ta ƙarƙashin ƙofata, bai ƙwanƙwasa ba, yana tsaye.